Gashi a haɓa, ga kai yana zubewa, ga neman haihuwa: in ci gaba da shan Aldactone?

Admin: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata baiwar Allah ce ta turo wannan ta akwatin saƙo, ta ce a ɓoye sunanta. A taimaka da abin da aka sani, banda zagi da tallar kaya.

"Shekaruna 27, shekara biyu da wata huɗu da aure, ban taɓa ko ɓatan wata ba. Tun ina makarantar sakandare gashi yake fito mini a haɓa, da farko sili uku ne ko huɗu, yanzu ya zama duk bayan kwana biyu sai na zauna da hantsaki ina tsigewa, wajen duk ya yi baƙi ya yi ƙuraje. Har a ƙirji da ƙasan cibiya akwai. Shi kuma gashin kai, tsakiyarsa sai raguwa yake, in aka yi tsaga fata ce fili. Al'adata takan yi wata biyu, wani lokaci uku ba ta zo ba. Wata ƙawata ta ce Aldactone ya yi mata maganin irin wannan, na saya a kemis na fara sha. Shin da gaske yana aiki? Kuma har tsawon wane lokaci zan sha? Wallahi ko a gaban maigidana ba na son cire hijabi da rana."

Uwar Biyu: Allah sarki. Allah ya yaye miki 'yar'uwa, ya ba ki zuri'a ɗayyiba.

Hajiya Babba: 'Yata ki bar shaye-shayen ƙwayoyin nan. Kakarmu da gemunta ta rayu, ta haifi goma sha ɗaya. Ki samu kurkur ki kwaɓa da zuma ki riƙa shafawa, sauran ki bar wa Allah.

Maman Ilham: Ni na sha shi, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona. Likitar fata ce ta ɗora ni a kai bayan na yaye Ilham. Wata uku na farko ban ga komai ba sai yawan fitsari da jiri in na miƙe da sauri, har na so in watsar. Ƙurajen fuska ne suka fara bajewa. Wajen wata na bakwai na lura gashin haɓar ya yi laushi, wanda da nake tsigewa duk kwana biyu ya koma sai ya yi kwana goma. Bai ɓace gaba ɗaya ba, kar wani ya ruɗe ki. Amma abin da nake son ki ji: ranar farko likitar ba ta rubuta mini shi ba sai da ta tabbatar ina da tsarin iyali. Ta ce in har ina son ƙarin haihuwa in zo mu tsayar da shi tukuna. Ke kuma na ga haihuwar kike nema.

Abban Nana: Ni aikina harhaɗa magunguna, kuma abin da Maman Ilham ta faɗa a ƙarshe shi ne gaba da komai. Baiwar Allah, ki ajiye ƙwayar nan daga yau har ki ga likita. Aldactone sunan kamfani ne, asalin maganin sipironolakton. Aikinsa a nan shi ne tare sinadarin maza kar ya yi tasiri a jiki. In ciki ya shiga kuma ɗa namiji ne, wannan sinadarin shi ke gina masa al'aurarsa a watannin farko. Shi ya sa ba a haɗa shi da neman ciki ko kaɗan.

Ummu Haidar: To wai ba maganin hawan jini ba ne? Mahaifina shi yake sha saboda kumburin ƙafa. Ta yaya maganin fitsari zai hana gemu fitowa? Ni dai ban gane ba.

Abban Nana: Shi ne dai, Ummu Haidar, ba ki yi kuskure ba. Tun wajen 1960 ake amfani da shi don fitar da ruwa daga jikin masu ciwon zuciya da na hanta da hawan jini. Daga baya aka lura maza masu shan sa da yawa nononsu yana kumbura, sha'awarsu tana raguwa. Daga nan aka gane yana toshe wurin da sinadarin maza ke kamawa, sai likitocin fata da na mata suka ɗauke shi don gashin fuska da ƙuraje da zubewar gashin mata. Wannan dalilin ne ma ya sa ba a ba namiji shi don sanƙo.

Anty Likita: Wa alaikumus salam. Na karanta tun daga sama. Ƙanwata, da farko ki sani ba ke kaɗai ba ce, kuma ba wani laifi kika yi ba. Duk mace jikinta yana yin sinadarin maza kaɗan, daga ƙwan mahaifa da wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda. A fata, wannan sinadarin, wato testosteron, yana juyewa ya zama wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Abin mamakin shi ne abu ɗaya yana aiki biyu masu karo da juna: a haɓa da ƙirji yana mayar da gashi mai laushi ya zama baƙi mai kauri, a tsakiyar kai kuma yana tsuke saiwar gashi har ya sirance ya daina tsawo. Don haka gemun da kike gani da tsagar da ke faɗi, mai yiwuwa tushensu ɗaya.

In aka haɗa da al'adar da ke tsallake wata biyu zuwa uku da jinkirin haihuwa, abin da zai fara zuwa ran kowane likita shi ne PCOS, wato larurar rikicewar sinadarai da ke hana ƙwan mahaifa sakin ƙwai a kan kari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana shafar mata 6 zuwa 13 cikin 100 na masu shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba a taɓa gano musu shi ba. Ƙa'idar da aka tsayar a birnin Rotadam a 2003 ita ce a samu biyu cikin uku: rikicewar al'ada, alamar yawan sinadarin maza a jiki ko a jini, da ƙananan ƙwayaye masu yawa a hoton ƙwan mahaifa. Amma ba a yanke hukunci sai an kore wasu abubuwan da ke kama da shi, kamar matsalar maƙoƙo, hawan sinadarin ruwan nono, da wata larura ta gado a ƙullutan saman ƙoda. Wannan ba aikin kemis ba ne, aikin gwajin jini ne.

Tambaya ɗaya: yaushe kika fara sha, kuma yaushe rabonki da al'ada?

Admin: Ta amsa: "Sati uku ke nan, miligiram 100 kullum. Rabona da al'ada kwana 52. Innalillahi, jikina duk rawa yake. Na cutar da ɗana ke nan in ciki ne?"

Uwar Biyu: Ki kwantar da hankalinki don Allah, in sha Allahu babu komai.

Anty Likita: Ki nutsu. Kwana 52 a wajenki ba sabon abu ba ne tunda kin ce takan kai wata uku, kuma shi kansa maganin yana rikita al'ada. Kar ki ƙara sha. Gobe da sassafe ki yi gwajin ciki da fitsarin farko. In bai nuna ba, ki maimaita bayan sati ɗaya. In ya nuna, ba a ce an yi ɓarna ba. Yawancin abin da aka sani kan illarsa ga ɗan tayi daga gwajin dabbobi aka samo shi, kuma ginin al'aurar namiji yana kankama ne daga wajen sati na takwas. Abin da ake so ki je awo da wuri, ki tafi da kwalin a hannu, ki faɗi ranar da kika fara da ranar da kika daina. Kar kunya ta sa ki ɓoye wa likita.

Hajiya Babba: Kun gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Da kurkur ɗin ta shafa da duk ba a zo nan ba.

Maman Ilham: Hajiya, da girmanki, kurkur ba zai cutar da ita ba amma ba zai dawo mata da al'ada ba. Kakarku da ta haifi goma sha ɗaya al'adarta lafiya lau take, gashinta na gado ne. Wannan yarinyar abu uku ne suka haɗe mata. Laifin ba na maganin ba ne, na wanda ya miƙa mata shi ba tare da ya tambaye ta ko tana da aure ba.

Abban Nana: Wannan magana ta Maman Ilham tana ci mini rai, domin a wajen sana'armu take. Mace ta shigo ta ce a ba ta Aldactone 100, a miƙa mata kamar farasitamol. Ban da maganar ciki ma akwai ta potasiyam. Wannan magani yana riƙe potasiyam a jini, in ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa. Matashiya mai lafiyar ƙoda da wuya ta samu matsala. Amma mai ciwon ƙoda, ko mai shan lisinofiril ko losatan na hawan jini, ko mai yawan shan ibufurofen da dikulofenak don ciwon mara, ko wadda aka ba Septrin, ko mai amfani da gishirin nan na masu hawan jini da ake yi da potasiyam, duk sai an auna musu jini. Da azumi kuma, musamman in ya faɗo a zafin bazara, sai a koma wajen likita a gyara lokacin sha, don yana ƙara fitar da ruwa.

Amaryar Kaduna: Ni Diane-35 aka ba ni kafin aure, fuskata ta yi sumul cikin wata huɗu. Me ya sa ba za ta sha shi ba kawai?

Anty Likita: Saboda shi ma yana hana ɗaukar ciki, amarya, ita kuwa cikin take nema. Diane-35 haɗi ne na sifiroteron miligiram 2 da sinadarin mata. Yana aiki sosai a kan ƙuraje da gashi, amma yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. A 2013 Faransa ta dakatar da sayar da shi saboda wannan, daga baya aka dawo da shi da sharuɗɗa masu tsauri. Mai shan taba, mai ƙiba sosai, mai hawan jini, mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, wadda aka taɓa samun gudan jini a danginta, ba nasu ba ne. Shi kuma sifiroteron zalla mai yawan miligiram, a 2020 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi daga miligiram 10 zuwa sama saboda wani ƙari da ke fitowa a rufin ƙwaƙwalwa ga masu daɗewa a kansa. Akwai kuma fulutamayid, wanda ni ba na rubuta shi don gashi sam, saboda yana iya lalata hanta.

Baban Khalil: A gafarce ni in shigo da tawa, tunda maganar ta zo kusa. Shekaruna 34, sanƙo ya fara cin tsakiyar kaina tun ina 28, irin na mahaifina. Wata biyar ke nan ina shan finasterayid. Na miligiram 1 ya yi tsada, sai nake sayen na 5 ina raba shi huɗu da reza. Uwargida tana da ciki wata uku. Abin da kuka faɗa ya shafe mu?

Abban Nana: Ya shafe ku ta fuska ɗaya, Baban Khalil. Ƙwayar tana da rufi, in tana nan ɗungurungum babu damuwa. Da zarar ka fasa ta, garin yana fita, kuma takardar cikin kwalin ta ce mai ciki kar ta taɓa fasasshiya ko daƙaƙƙiya. Dalilin ɗaya ne da na ɗazu, ɗan tayi namiji. Ka raba ta a inda uwargida ba ta zuwa, ka wanke hannu, ka ajiye gutsattsarin a rufaffen mazubi nesa da ita da yara, ko ka daure ka sayi ta miligiram 1 har ta sauka. Abin da ke fita ta maniyyi ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Shi finasterayid ba ya toshe wurin kamawa kamar Aldactone, hana testosteron juyewa zuwa DHT yake yi, yana rage shi a jini da kusan kashi 70 cikin 100. A 1992 aka amince da na miligiram 5 a Amurka don kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, da sunan Proscar, sai a 1997 na miligiram 1 don sanƙo, da sunan Propecia. Ya fi aiki a tsakiyar kai irin naka fiye da goshin da ya riga ya kwashe. Amma ka sani haya ce ba saye ba, in ka daina, cikin shekara guda gashin da ya riƙe maka zai tafi.

Baban Khalil: Na gode Yallaɓai. To maganar da ake yi cewa yana kashe ƙarfin namiji fa? Ni dai ban ga canji ba, amma abokina saboda ita ya ƙi sha.

Anty Likita: Ba ƙarya ba ce, amma ba kowa ba. A gwaje-gwajen farko, ƙasa da mutum 2 cikin 100 ne suka yi kukan raguwar sha'awa, kuma yawanci yana wucewa in an daina. Akwai waɗanda suka ce nasu bai wuce ba, har yau ana bincike a kai. Abin da na fi son iyalinka su sani shi ne na zuciya: in ka fara jin ƙunci mara dalili, ko tunanin da bai kamata ba game da rayuwarka, ka daina nan take ka ga likita, hukumomin magunguna na Turai da Ingila sun yi gargaɗi a kan wannan. Sannan abu biyu da mutane ke mantawa. Yana rage sakamakon PSA, gwajin jinin da ake duba furostet da shi, da kusan rabi, don haka in shekaru sun ja aka zo duba furostet ka faɗa. In kuma aka nemi ka ba da jini, lokacin haihuwar uwargida misali, ka sanar da su, ana jiran wata guda bayan dainawa domin kar jinin ya shiga jikin mai ciki.

Mai Kitso Zariya: Ni ba likita ba ce amma shekara 16 ina kan mata. Rabin masu zuwa mini da kukan zubewar gashi, ba sinadarin komai ba ne, hannunmu ne. A ce a ja kitso ya ɗame har ido ya ɗage, a ɗora ƙarin gashi mai nauyi, a kwance yau a sake gobe, ga rilaksa duk wata. Gaban goshi da saman kunne su ne ke fara tafiya. In kika ga ƙananan ƙuraje a bakin kitso, saiwar ce take kuka. Wasu kuma bayan haihuwa da wata uku gashin ke zubowa a mataji, shi wannan da kansa yake dawowa.

Anty Likita: Allah ya saka, Mai Kitso, kin faɗi abin da na manta. Wurin da ya zube yana ba da labari. Gaban goshi da gefe, ja ne. Tsaga mai faɗi a tsakiya alhali layin goshi yana nan, shi ne irin na sinadari. Akwai kuma wani da ya fi kama mata baƙar fata, yana farawa daga tsakiyar kai ya bazu, fatar ta yi santsi tana sheƙi, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi. Wannan tabo yake bari, Aldactone ba ya masa komai, kuma in an makara saiwar ta mutu. Ƙarancin ƙarfe a jini ma yana zubar da gashi, ga shi ya yi mana yawa. Shi ya sa nake cewa a bari likitan fata ya duba kan da idonsa.

Ummu Haidar: Ƙanwata ma gashi ya fito mata a kumatu, amma ita tun da ta fara shafa man haɗi ne na ƙara haske.

Abban Nana: Yawancin man haɗin nan akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki irin kulobetasol. Yana sirantar da fata, ya kawo ƙuraje da nankarwa, ya fito da gashi. Nata maganin ba ƙwaya ba ce, rabuwa da man ne, kuma a hankali ƙarƙashin kulawar likita, don in an yanke shi rana ɗaya fuskar takan yi bore.

Malam Na Ƙofa: Ta ɓangaren addini, don kar ta riƙa jin tana saɓo: hanin da ya zo a kan tsige gira ne. Imam Nawawi ya bayyana cewa in gemu ko gashin baki ya fito wa mace, cire shi ba haramun ba ne, mustahabbi ne ma. Ki cire abinki da natsuwa. Kuma ina ba ki shawara ki zaunar da maigidanki ki faɗa masa, ku je asibitin tare, shi ma a duba shi.

Admin: Ta dawo da safen nan: "Alhamdulillah na yi gwajin, layi ɗaya ne. Na rasa ma murna zan yi ko kuka. Na faɗa wa maigidana jiya da dare, ya ce ya daɗe da sani, shiru ya yi don kar in ji kunya. To yanzu Anty Likita, in na bar maganin, haka zan zauna da gashin har sai na haihu? Kuma da gaske aski yana ƙara masa kauri?"

Anty Likita: Ki gaishe da maigidan, ya kyauta. Aski ba ya ƙara kauri ko yawa, bakin gashin ne da aka yanke yake ji da kaushi. A fatarmu ma tsigar da kike yi ita ke jawo baƙin tabo da gashin da ke komawa ciki. Ki koma datsewa da ƙaramin almakashi ko injin aski naki na kanki. In da hali akwai cire gashi da hasken leza, amma ki tambaya ko injinsu Nd:YAG ne, shi ya dace da baƙar fata, wasu injinan ƙona mu suke yi. Akan yi zama shida ko fiye, kuma ana dakatawa in ciki ya shiga. Minoksidil na shafawa a kai ma ki ƙyale shi yanzu.

Tsarin da zan bi in ke ce a gabana: haihuwa tukuna, gashi daga baya. Ki je wajen likitan mata a asibitin gwamnati mafi kusa da ke ko asibitin koyarwa. A yi hoton mara, a auna sukari da testosteron da sinadarin maƙoƙo da na ruwan nono. In kina da ƙiba, rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki yakan dawo da al'ada ga mata da yawa. In ba ta daidaita ba akwai letirozol da ake bayarwa don ƙwai ya fashe, wani lokaci a haɗa da metfomin, amma wannan ma ba na saye a kemis ba ne. Bayan kin haihu, Aldactone yana nan yana jiranki tare da tsarin iyali, kuma ki ba shi wata shida cif kafin ki ce bai yi ba.

Ga sauran masu karantawa: wadda gashin ya taso mata gaba ɗaya cikin 'yan watanni, muryarta ta fara kauri, wannan ba mai jira ba ne, ta je asibiti a satin nan, don a tabbatar ba ƙari ba ne a ƙwan mahaifa ko saman ƙoda.

Hajiya Babba: To Allah ya sa a dace. 'Yata in za ki je ki tafi da wuri, layin kati yana cika tun kafin bakwai.

Admin: Ta ce Litinin za su je tare da maigidan. Tana tambaya ko sai da azumin ci za a ɗebi jinin.

Anty Likita: Na sukarin, e, kar ta ci komai daga dare, ruwa kawai. Ta rubuta ranakun al'adarta na wata shida da suka wuce a takarda, ta kuma bar gashin haɓar ya yi kwana uku bai ga hantsaki ba don likita ya gan shi yadda yake.